Janareta Mai Tari Biyu

Kafin Sufeton 'yan sanda ta buɗe fayil, kafin kamfanin waya ya turo takarda, kafin ma waɗanda aka damfara su san an yi musu sakiyar da ba ruwa, Baba Mai Sifana ya riga kowa gano ɓarawon. Da kunne ya gano shi. Wanda ya san Baba ba zai yi mamaki ba. Shekara hamsin da biyu yana gyaran inji a rumfa ɗaya, bai taɓa zama a aji ba ko na yini guda, amma in janareta ya yi tari a bayan layi uku zai gaya maka ciwonsa, ya gaya maka bakaniken da ya ɓata shi. Injin niƙa ya cinye masa yatsu biyu, bai kwanta ba. Tankin fetur ya fashe a gabansa, ya tashi ya kakkaɓe gemu. Wani likita ya taɓa ce wa matarsa ta tara 'ya'ya a yi bankwana. Yau likitan shekararsa tara a ƙasa, Baba kuwa yana nan daram.

Abin ya faro ne wata safiya, lokacin da autarsa, mai aikin jinya a wani asibiti mai zaman kansa, ta tsaya a rumfar za ta wuce aiki.

"Baba, ga wayata, sa min a caji. Kwana biyu ba mu ga wuta ba. In na taso zan karɓa. Don Allah kada ka amsa wa kowa."

"Ke Auta, ni za ki koya wa riƙon amana? Tafi, kada ki makara."

Wayar ta yi ƙara, ya ƙyale ta. Ta sake, ya ƙyale ta. A karo na uku ya goge hannu da tsumma ya ɗauka, don mai kira uku ba ya rasa dalili.

Muryar namiji ce, mai laushi kamar an shafa mata giris. Ya gaishe da Baba har da tambayar ƙarfin jiki. Ya ce daga ofishin rajistar ma'aikatan jinya yake, yau ce ranar ƙarshe ta sabunta suna, kuma sun turo lamba shida a wayar. In ba a karanto musu yanzu ba, sunan 'yarsa zai fita daga jerin.

Baba ya ce a bari ta dawo.

"To, ba komai, ranka ya daɗe," in ji muryar. "Na gane. Ba kowane dattijo ne ya iya karatu ba. Ko akwai wani kusa da zai duba maka?"

Nan fa aka taɓa Baba a inda ke masa ƙaiƙayi. Baƙi kam bai sani ba, amma lamba? Mutumin da ke bambance sifana goma sha biyu da goma sha uku a cikin duhun akwati? Ya kawo wayar kusa da ido, ga lambobin nan a jere a saman gilashi. Ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, da murya irin ta mai shela, har ya maimaita don kada a ce ya yi kuskure.

A daidai lokacin ne kunnensa ya kama abin. Can bayan muryar, wani janareta yana gudu. Ya yi gudu, ya yi tari biyu, ya ja numfashi, ya ci gaba. Baba ya ji kamar an kira sunan wani tsohon aboki da ya manta fuskarsa.

"Ɗana, janaretan nan naka yana son a duba shi."

Mutumin ya yi dariya ya kashe waya.

Da Auta ta zo karɓa da yamma, Baba bai ce mata komai ba, don a ganinsa alheri ya yi, kuma ba ya son gori. Ta ga manhajar hirarta ta ƙi buɗewa, ta ɗauka wayar ce ta fara tsufa, ga aiki ya sha mata kai. Kwana uku ke nan, sai ga mutane sun cika ƙofar asibitin, kowa da takardar ɗaukar aiki a hannu, mai tambari da sa hannu. Mutum arba'in da wani abu. Duk daga lambar Auta saƙon ya je musu, da hotonta, cewa asibiti na ɗaukar ma'aikata, a turo hoton katin shaida da kuɗin fom. Akwai ƙawayenta, akwai 'yar maƙwabta, har da ƙanin mijinta. Asibiti ya dakatar da ita nan take. Kafin azahar 'yan sanda sun tafi da ita, aka ce nan da kwana uku za a kai ta kotu.

A gida uwar yara ba ta yi kuka ba. Washegari da safe ta zauna a bakin gado tana kallonsa.

"Malam, wa ta bar wa wayar ran nan?"

"Waya ai a caji take."

"Ban tambaye ka inda take ba. Shekara arba'in da bakwai ina tare da kai. In ka yi ɓarna, sai ka yi ta goge sifanar da ba ta da datti."

Baba ya dubi hannunsa. Sifana ce, da tsumma. Ya ajiye su, ya ɗauki hula.

Ofishin masu binciken laifin intanet yana saman caji ofis, kuma bai yi kama da wurin 'yan sanda ba. Babu kulki, babu ihu. Sanyi kamar cikin firji, kwamfutoci a jere, ga wani dogon tebur cike da wayoyi, kowace a cikin leda da takarda manne. Shugabar wurin Sufeto ce, siririya mai tabarau, ba za ta girmi Auta ba. A bakin ƙofa wani Kofur mai tumbi yana zaune, ya kai shekara arba'in da biyar. Auta na kan benci, har yanzu da farar rigar aiki.

Baba ya nuna teburin da haɓa. "'Yata, sayar da waya kuke yi a nan?"

"Kowace waya a nan hawayen wani ce, Baba," in ji Sufeto. Ta ɗaga ɗaya. "Wannan an sace masa layi, aka shiga bankinsa yana barci. Wannan bazawara ce, wata takwas tana soyayya da hoton wani mutum da bai san tana duniya ba. Wannan ɗalibi ne, an samu hotunansa ana cewa za a watsa. Waccan kuwa danna wani saƙo kawai ya yi, wai ya ci kyautar mota."

"Motar tana hanya," in ji Kofur. "Shekara biyu ke nan."

Sufeto ta juya ga Auta. "Na tambaye ki sau huɗu, zan sake. Ba a ƙwace irin wannan manhaja sai an karanto wa ɓarawo lambar da aka turo. Wa kika ba?"

"Ban ba kowa ba."

"Wa ya riƙe wayar ran nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ba ta ko kalli wajen ubanta ba, kuma daga wannan rashin kallon ne Baba ya gane ta sani. Tun jiya ta sani, ta zaɓi kotu a kan ta ce ubanta ne.

Baba ya sha wuya a duniya, amma bai taɓa ɗaga abu mai nauyin kalmomin nan ba.

"Ni ne. Ni na karanto masa. Ya ce ban iya karatu ba, na nuna masa na iya."

Kofur ya yi tari don ya ɓoye dariya. Sufeto ba ta yi ba. Ta rubuta komai, lokaci da abin da aka faɗa, sannan ta cire tabarau.

"Na yarda da kai, Baba. Amma alƙali zai ce kowane uba zai faɗi haka don ya ceci 'yarsa. Mutum arba'in sun ga sunanta da hotonta. Sai na kama mai hannu a ciki."

"To ki kama shi mana. Ba ga lambarsa nan ba?"

"Layin da katin wani mamaci aka yi masa rajista. Mun karɓo izinin kotu, kamfanin waya ya nuna mana turken da wayar ke kama sabis. Unguwar bayan tasha ce. Gida ya fi ɗari huɗu. Ba zan iya fasa ƙofa ɗari huɗu ba. Abin da ya rage min muryarsa ce kawai, wadda ya riƙa tura wa mutane a matsayin shugaban ɗaukar ma'aikata."

Ta danna. Muryar nan mai giris ta cika ɗakin, tana taya wani murnar samun aiki. Baba ya miƙe tsaye.

"Sake sa shi."

"Ka gane muryar?"

"Rabu da muryar, 'yata. Murya kowa na da ita. Ji bayanta. Ga shi nan. Gudu, tari biyu, numfashi. Kin ji? Wannan aikina ne."

Sai ya ba su labari. Shekara uku da suka wuce wani mai wanki da guga ya kawo masa janareta, ɗan sifirin ɗin da ke daidaita gudun inji ya tsinke. An zaga kasuwa kaf ba a samu irinsa ba. Baba ya ɓalle sifirin daga wata tsohuwar laima, ya yanke, ya lanƙwasa, ya ɗaura. Inji ya tashi, amma tun daga ranar yake wannan tari biyu. Mai wankin ya sayar da kayansa ya bar gari, Baba bai san hannun da injin ya faɗa ba.

"Amma a duk duniya shi kaɗai ne. Laimar guda ce, ni ma guda ne."

Kofur ya ce, "Yallaɓiya, yanzu da tarin janareta za mu je gaban alƙali?"

Baba ya karkata kai wajen taga, inda injin ofishin ke ruri a ƙasa.

"Naku na ƙasa, wa ke kula da shi?"

"Ni," in ji Kofur.

"Ka ce musu ka canza baƙin mai a watan nan, ko? Ba ka canza ba. Ƙari ka yi a kan tsoho. Kuma akwai noti ɗaya na salansa da ka ɗaure da waya."

Sufeto ta dubi Kofur. Kofur ya dubi silin.

"Gobe ƙarfe tara, Baba," in ji ta. "Ka zo da akwatin aikinka."

Washegari suka shiga unguwar bayan tasha a wata tsohuwar mota marar tambari, kowa da kayan gida. Wata motar da mutum shida tana jira a gidan mai. Sai ga abin da ba a taɓa gani ba: wuta ta ƙi ɗaukewa. Tara, goma, sha ɗaya, fanka na juyawa a kowane shago. Unguwa shiru, ko janareta ɗaya ba ya motsi.

"Tun da aka haife ni nake roƙon a kawo wuta," in ji Kofur. "Yau ga ni ina roƙon a ɗauke."

Ƙarfe ɗaya da kwata rediyon mai shayin da ke gefensu ya yi ɗif. Ba a yi minti biyu ba unguwa ta kama ruri ta ko'ina, manya da ƙanana, masu hayaƙi da masu kuka. Sufeto ta ce a ranta an gama, wa zai tsinci allura a nan? Baba kuwa ya riga ya fita. Yana tafe ido rabi a rufe, kai a karkace, yana magana shi kaɗai. "Kai filoginka ne. Kai ruwa ka sha a fetur. Kai kam sai addu'a." Ya wuce layin masu walda, ya shiga lungun masu sayar da taya, ya dawo baya, ya tsaya, ya sa hannu a bayan kunne. Sai ya kama sauri, har Kofur na haki a bayansa.

A bayan wani shagon katifa da ke rufe ya ci birki. Gidan sama ne, tagoginsa an manne su da baƙar leda. A tsakar gida, ƙarƙashin matakala, cikin kejin ƙarfe, ga shi nan. Gudu, tari biyu, numfashi.

"Sannu, tsohon aboki," in ji Baba.

Shi a son ransa a hau kawai. Sufeto ta ja shi bayan wata babbar mota.

"Ba a shiga sai da takardar bincike mai adireshin gidan nan. Na tura wa alƙali, za a kawo. Kuma ka ji da kyau, Baba. Ba mutanen kaɗai nake so ba, kwamfutocinsu nake so a kunne. In suka mutu, sun kulle kansu, buɗe su sai a yi watanni, 'yarka kuwa gobe ne kotu. In na same su a buɗe, da idona zan ga wanda ke zaune a cikin sunanta."

Suka jira. Rabin awa, awa guda. Sai fuskar Baba ta canza.

"Ya koma tari uku."

"Me ke nan?"

"Sifirin ɗin ya gaji. Ba zai kai minti goma ba."

Sufeto ta kira mai kawo takarda, ya ce cunkoso ya riƙe shi a shataletale. Ta dubi Baba, ta dubi gidan.

"Bakanike ba ya buƙatar takardar alƙali kafin ya yi sallama," in ji Baba. "Kofur, ɗauki akwati. Yau kai yaron shago ne, kuma kada ka buɗe baki, don ba ka san komai ba."

Suka shiga tsakar gida Baba na kiran gyaran inji. Wani dogo mai agogon zinare ya sauko daga sama.

"Baba, wa ya kira ka?"

Muryar ce. Ita ce dai ta wayar ran nan. Baba ya jira a gane shi, amma ina, mai kiran mutum ɗari a yini ba ya riƙe muryar tsoho guda.

"Injinka ne ya kira ni, ɗana. Tun daga titi nake jin kukansa. Yanzun nan zai mutu."

Kamar ya ji, injin ya yi wata shaƙewa, fitilar matakala ta dushe. Dogon ya yi saurin buɗe kejin.

"Gyara shi, amma kada ka kashe. Muna tsakiyar aiki."

"Ni ma ba na son ya mutu," in ji Baba, kuma bai taɓa faɗin gaskiya irin wannan ba.

Ya durƙusa ya cire murfin gefe. Ga sifirin laimarsa nan, ya yi tsatsa, saura zare ɗaya. Yana kallo ya tsinke. Kafin injin ya gama jan numfashin ƙarshe, Baba ya cusa hannun nan mai yatsu uku ya cafke ƙarfen da sifirin ke ja. Injin ya farfaɗo. Daga nan Baba ne sifirin. In gudu ya yi yawa ya sassauta, in ya yi ƙasa ya ja, duk da kunne. Bayan hannunsa kuwa yana jingine da salansa mai zafi kamar bakin murhu.

"Wannan ƙaton fa, kallo ya zo yi?" in ji dogon, yana nuna Kofur.

"Haka yake. Shekara ashirin ina koya masa, har yau ko baƙin mai bai iya canzawa ba."

Ana haka ƙofar gida ta buɗe. Sufeto ce a gaba da takarda a ɗage, mutum shida na biye. Ba su tsaya ba, suka haye matakala da gudu. Daga sama wani ya ƙwalla, "A kashe inji!"

Dogon ya yi tsalle wajen makunni. Bai kai ba. Kofur ya yar da akwati ya rungume shi, suka zube, ya zauna a kansa da duk abin da Allah ya ba shi na tumbi. Sama ana ta ture-turen kujeru, ana cewa kowa ya ɗaga hannu daga kan tebur. Baba bai ga ko ɗaya ba. Fatar hannunsa na ƙauri, zufa na shiga masa ido, yana lallashin inji kamar mai lallashin jariri. "Yi haƙuri, ɗan laima. Kaɗan ya rage. Kada ka kunyata ni gaban yara."

Minti ashirin da biyu. Kofur ne ya duba, a agogon zinaren da ke ƙarƙashinsa. Sannan Sufeto ta leƙo ta taga, ta yage baƙar ledar.

"Saki, Baba. Mun haɗa da batirinmu. Mun samu komai."

Ya saki. Injin ya yi tari biyu ya yi shiru.

Mutum biyar aka fito da su. A sama an tarar da kwamfuta huɗu a kunne, layukan waya cike da gwangwani, hotunan katin shaidar mutane barkatai, da takardun aikin bogi na asibiti uku. A gilashin kwamfuta ta biyu, ga hirar Auta a buɗe, da hotonta, an rubuta rabin saƙo ga mutum na arba'in da bakwai. Aka ɗauki hoto, aka kwafe komai, aka sa kowace na'ura a jaka aka manne. Har guntun sifirin Sufeto ta sa a leda ta rubuta masa lamba.

Kafin la'asar ta yi sanyi an sallami Auta. A kan bencin da ta kwana biyu ta zaunar da ubanta, ta karɓi akwatin magani na ofishin, ta kama hannun.

"Baba, wannan ƙuna sai ta yi wata guda."

"Injin niƙa ma ya gwada, yatsu biyu kawai ya samu."

"Na ce kada ka amsa wa kowa."

"Da ban amsa ba, wa zai ji janaretan? Da har yau suna can suna cin mutane."

Ta ɗaure bandejin da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Sannan ta riƙe hannun da hannayenta biyu, ta daɗe ba ta saki ba.

Asibiti ya mayar da ita aiki har da takardar ban haƙuri. Kofur ya kawo janaretan ofis rumfa da kansa. Ita kuwa uwar yara, duk wanda ya zo jin labari sai ta ce a tambayi malam yadda aka fara, kada a tsaya a yadda aka ƙare.

To, akwai masu cewa an yi ƙari. Rumfar tana nan inda take, tabon yana nan a bayan hannun dama, mai siffar bakin salansa. Mai musu ya ɗauko janaretansa, ya ɗaure wa Baba ido da tsumma, ya kai injin bayan katanga ya tayar. In bai faɗi ciwonsa ba kafin a ƙirga goma, a kwashe akwatin sifanar a tafi da shi. Wanda kuma yake ganin shi gwanin baki ne, ya kira Baba a waya ya nemi lamba shida, ya ji abin da zai biyo baya.